Ga mai tambayar turaren hammata na gargajiya: lemun tsami, bekin soda da alif duk na gwada

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya da dare na ga tambayarki, cewa kina so ki ajiye rol-on na kanti ki koma na gargajiya wanda ba shi da sinadari, amma kina tsoron ya kunyata ki a cikin mutane, tunda kullum sai kin hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, daga unguwar Madina ta Akra zuwa wurin aiki. Na ga wata ta ce miki lemun tsami, wata ta ce bekin soda, wata kuma alif. Duka ukun sun taɓa hammatata, ɗaya har sai da ya bar mini tabo, shi ya sa na bari sai da na rufe shago sannan na zauna rubuta miki.

Ɗinki nake yi a unguwar Nima, nan Akra. Shagona rufin kwano ne, fanka ɗaya, ita ma ranar da aka ɗauke wuta hutu take yi. Kuma aikin tela ba ya barin mutum ya ɓoye hammatarsa: in za ki auna ƙirjin mai kaya sai kin zagaya ta da tef, hancinta dab da kafaɗarki. To in abu ya riƙe ni daga safe zuwa la'asar a watan Maris, lokacin da zafin Akra ke kai digiri 32 ko 33 ga iskar teku mai danƙo, ina ganin zai riƙe ki a trotro.

Kafin ki sayi komai, ki raba abu biyu da mu duka muke haɗawa da sunan rol-on. Akwai mai hana gumi, akwai mai hana wari. Mai hana gumi gishirin alminiyam ne a cikinsa, yana toshe bakin ƙofofin gumi na ɗan lokaci, shi ya sa hammata ke zama a bushe. Mai hana wari bai da ruwa da gumin, ƙwayoyin cutar da ke kan fata yake rage wa ƙarfi, ko ya rufe warin da ƙamshi. Shi gumi in ya fito sabo ba ya wari. Hammata tana da wasu ƙofofin gumi na daban da ke fara aiki lokacin balaga, guminsu yana da maiƙo da furotin, ƙwayoyin cutar fata su ci, abin da suka bari shi ne tsamin da muke ji. Duk wani na gargajiya da za a sayar miki, a layin mai hana wari yake. Za ki yi gumi, rigarki za ta jiƙe. In jiƙewar riga ce damuwarki, kada ki ɓata kuɗinki. Ni ban san haka ba da na fara, kwana uku ina zagin abin da bai yi mini alkawarin bushewa ba.

Lemun tsami na fara da shi, don shi muka gada. Muna yara in an ji yarinya ta fara tsami, Mma takan yanka lemun tsami ta dangwala a toka ta ce a goga kafin wanka. Yana aiki, ban musa ba, tsaminsa ba ya barin ƙwayoyin cuta su sake. Amma a wurina bai wuce azahar. Ranar da na manta na shafa shi bayan aski kuwa, sai da maƙwabciyata ta leƙo ta ji ko lafiya. Wani abin da ba a faɗa: ruwan lemun tsami in ya zauna a fata rana ta doke shi, yana ƙona wurin ya bar baƙin tabo. Hammata a rufe take, amma bayan hannun da kika matse shi da shi ba a rufe yake ba. In za ki yi, ki shafa, ki ba shi minti biyu, ki wanke tas har da hannuwa, kuma ba ranar aski ba.

Bekin soda shi ne wanda ya yaudare ni. Na haɗa da kaina: soda, sitaci, man kwakwa, da man kaɗanya na Tamale da na saya a kasuwar Nima ranar Laraba. Satin farko, wallahi ko ɗigon wari babu, har na fara raba wa yaran shago a 'yan robobi, ina ji kamar na gano rijiyar mai. Wajen kwana na goma ƙaiƙayi ya fara. Na ce zafi ne. Kwana biyu bayan nan wurin ya yi ja, ya fara raɗaɗi in gumi ya taɓa shi, sai fatar ta soma saɓulewa kamar ta maciji. Da ya warke ya bar baƙi ƙirin, sai da na yi wata uku kafin launin ya fara dawowa. Daga baya na fahimci dalili. Fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami nata, a ma'aunin da ake auna tsami tana wajen 5, soda kuwa ya haura 8, ɗan gidan su kanwa ne. Kullum kina ɗora shi a fata mai laushi, mai gumi, mai gogayya da juna, sai ya cinye garkuwarta. Mu kuma masu baƙar fata, duk inda ya ƙone ko ya kumbura baƙi yake bari. Cikin yaran shagona huɗu, biyu ba abin da ya same su, ɗaya har yau shi take shafawa. Jiki da jiki ne. Amma in kin ji ƙaiƙayi ko sau ɗaya, ki tsaya a ranar, kada ki yi taurin kai irin nawa.

Akwai kuma matsalar narkewa. Yawancin haɗin da ke yawo a intanet mutanen ƙasashen sanyi suka rubuta shi, inda man kwakwa ke zama a daskare. Man kwakwa yana narkewa da zafi ya kai 24, mu kuwa a nan ko da asuba da wuya mu sauka ƙasa da haka. Nawa ya zama kunu a cikin jaka, ya ɓata mini yadin leshin wata amarya da na ɗauko zan kai aikin duwatsu. Wannan leshin ni na biya shi. Kakin zuma ne ke riƙe haɗin, don shi sai zafi ya wuce 60 yake narkewa, amma ko da shi maiƙon yana kama hammatar riga, atamfa mai haske ba ta yafewa.

Bayan na warke na sayi wani a hannun wata mai talla a waya, roba mai kyau, an rubuta cewa tsantsar ganye ne. Ba jerin kayan haɗi, ba lambar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, wadda dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ɗora wa rajistar kayan shafa a Ghana. Ƙamshin kanumfari kamar zai huda hanci. Kwana huɗu raɗaɗi ya dawo. Da na yi mata magana sai ta ce in yi haƙuri, jikina ne ke fitar da gubar rol-on na shekaru, in daure wata guda. Ƙanwata, duk wanda ya gaya miki haka, ki riƙe kuɗinki. Hanta da ƙoda ne ke tace jiki, hammata ba ta wannan aikin. Gaskiyar da ke ciki ita ce, in kika daina mai hana gumi, ƙofofin da ya toshe suna buɗewa cikin 'yan kwanaki, gumi ya dawo yadda Allah ya yi shi, warin ma yakan ɗan canza na sati ɗaya ko biyu. Amma ja da raɗaɗi da saɓar fata ƙuna ce kawai. Man kanumfari da na kirfa da na ciyawar lemun, in aka zuba da yawa, suna ƙona fata duk da daga tsiro suka fito. Barkono ma ai tsiro ne.

Inda na tsaya shi ne alif, wanda 'yan kasuwa ke ce wa alam. Farin dutsen nan da ake jefawa a randa ruwa ya kwanta, wanzamai kuma su goga bayan aski. 'Yan sidi kaɗan ne a wajen masu kayan yaji. Ki zaɓi dunƙule babba mai haske, ki goge kaifinsa a ƙarƙashin ruwa har ya yi sumul. Da kin fito wanka, hammata da sauran danshi, ki jiƙa dutsen ki goga sosai, ba shafa ɗaya ba, ki zagaye har gefen da gashi bai kai ba. Ki ɗaga hannu gaban fanka ya bushe kafin ki sa riga. Ki ɗauraye dutsen ki ajiye inda zai sha iska, don in kika bar shi cikin ruwa a kwanon sabulu narkewa zai yi. Ba shi da ƙamshi ko kaɗan, wanda ya yi mini daidai tunda ba na son fita kasuwa ina tashin turare, kuma ba ya ɓata riga. Sharaɗinsa ɗaya: sai a fata mai tsabta. In wari ya riga ya tashi kika goga, kin ɓata dutsen kin ɓata lokacinki.

Sai dai zan faɗa miki abin da masu tallarsa ba sa faɗa. Alif ɗin nan shi ma gishirin alminiyam ne, haɗe da fotasiyam. Ba irin na rol-on ba ne, ba ya toshe gumi kamar shi, amma in alminiyam kike gudu gaba ɗaya, to kin fita ta ƙofa kin dawo ta taga. Shi ya sa nake so ki tambayi kanki me kike gudu. Ni abu biyu suka kore ni: rawayan tabon da rol-on ke bari a hammatar farar riga har ta yi tauri, da wani saƙon murya da ya zaga WhatsApp cewa yana kawo kansar nono. Na farkon gaskiya ne, haɗuwar alminiyam da gumi ce ke yin sa. Na biyun kuwa, manyan cibiyoyin binciken cutar kansa na Amurka sun ce ba a samu hujjar da ta tabbatar da alaƙar ba. Masu ciwon ƙoda mai tsanani ne ake ce wa su tambayi likita kafin su yi amfani da mai hana gumi. In kina son wanda babu soda babu alminiyam, ki nemi mai magnesiyam ko zinki a jerin kayan haɗinsa, sun fi soda sauƙi a fata, sai dai kuɗinsu ya fi.

Yanzu bari tela ta yi magana. Rabin warin da muke ɗora wa hammata, na riga ne. Yadin roba, irin na yawancin abayoyi da dogayen hijabai da 'yan rigunan ciki masu sulɓi, yana riƙe maiƙon gumi ko an wanke. Ki sa shi da safe yana ƙamshin sabulu, jiki na ɗumama shi tsohon warin ya farka, ke kuma ki ce alif ya gaza. Sau nawa ake kawo mini gyaran riga wankakkiya, ina ɗora dutsen guga a hammatar sai in kau da kai. Ki sa 'yar shimi ta auduga mai ɗan hannu a ciki, ki canza ta kullum. Ranar wanki ki juya rigar, ki jiƙa hammatar da ruwan khal ko sabulun salo kafin ki haɗa da sauran kaya, ki shanya a rana ta bushe ƙarau. A watan Yuni da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, kayan da aka shanya a ɗaki suna da nasu bashin daban. Kuma kada ki goge rigar da kika riga kika sa, zafin guga dasa warin yake yi.

Gashi kuma kin san hukuncinsa, an ce kada ya wuce kwana 40, amma a zafin nan ni sati biyu ba na kaiwa. In kina shan hulba, ki sani tana fita a gumi, ba dutsen da zai hana ta. Humra da turaren wuta a kan kaya masu tsabta suke kyau, a kan gumi kuwa sai su haifi wani abu na uku da ba shi da suna.

Kada ki fara gwaji ranar Litinin a trotro. Ki fara ranar da kike gida, ko ki bari sai Yuli zuwa Agusta da garin ke yin sanyi-sanyi. Ki shafa kaɗan a cikin gwiwar hannu kwana biyu ki gani. Sannan ki samu hancin da ba ya jin kunyarki, don mutum ba ya jin warin kansa, hanci sabawa yake yi. Yaran shagona ko na tambaye su cewa suke "lafiya lau Anti". Yayata ce ta ce mini, "Ke, je ki wanke." Ita nake kai wa rigar da na cire da yamma. A jaka kuma ina da ɗan tsumma da guntun alif, in na je alwalar azahar sai in goge hammata da ruwa in sake shafawa, shi ke kai ni magariba.

Ban jefar da rol-on na kanti ba, kada in yi miki ƙarya. Satin Sallah da muke kwana a shago, ko ranar da zan shiga kasuwar Makola sayen yadi da tsakar rana, ko biki, shi nake shafawa, kuma da dare kafin in kwanta a busasshiyar fata, don a lokacin ya fi kamawa. Sauran ranaku alif ne. In kuma gumin naki ya wuce misali har tafin hannu na ɗiga, ko maruru na yawan fito miki a hammata, ko warin jikinki ya canza farat ɗaya ba dalili, wannan ba maganar dutse ba ce, ki je asibiti, a asibitin Korle Bu akwai likitocin fata.

In za ki sayi alif ɗin ki sayi dunƙule biyu. Jiƙaƙƙe santsi gare shi, nawa na farko kwana biyar ya yi ya suɓuce a banɗaki ya tarwatse. Na biyun tun bara yake hannuna, ko rabi bai ci ba.