Shin maganar sauyin yanayi makircin Turawa ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. A majalisarmu ta Anguwar Rogo, nan Jos, musu ya ƙi ƙarewa. Wasu sun ce Turawa ne suka ƙirƙiro batun sauyin yanayi don su hana mu cin moriyar manmu da gas ɗinmu, wasu kuma sun ce dole mu bar su tun da wuri. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Magana biyu kuka haɗa wuri guda, shi ya sa musun ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ta farko ita ce ko hayaƙin kwal da mai da gas na ɗumama duniya. Wannan masana sun gama da ita: zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 a ma'aunin Salshiyas tun ƙarshen ƙarni na 19. Sai dai kada a ɗora wa yanayi komai. Ambaliyar 2022 da ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, akwai hannun ruwan sama mai yawa, akwai kuma ruwan da aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru da gine-ginen da muka yi kan hanyar ruwa.

Ta biyu ita ce wa zai biya kuɗin magance matsalar, kuma a nan masu zargin Turawa suna da hujja mai ƙarfi. Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi. A 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara nan da 2020 don tunkarar sauyin yanayi, ba su cika ba sai 2022, kuma mafi yawa bashi ne. Amurka ta fice daga yarjejeniyar Paris, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don rage wannan hayaƙi, ta dawo a 2021, Trump ya sake sa hannu kan ficewa a 2025. Dole mutum ya yi shakka.

Ni a ganina, barin gas yanzu zalunci ne ga talaka. Matar da gas ya fi ƙarfinta gawayi za ta koma, daji ya ƙare, hayaƙi ya cinye mata ƙirji. Shi ya sa ko da Buhari ya yi alkawari a taron yanayi na duniya a Glasgow a 2021 cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, wato wanda take fitarwa ba zai wuce wanda ake cirewa daga iska ba, da gas a cikin lissafin. Abin da ya kamata majalisarku ta matsa wa gwamnati a kai shi ne gas ɗin da har yau ake ƙonawa a banza a Neja Delta, alhali tukunyar gas ta gagari mutanen Jos.