Amsa: Ɗalibai da sharar filin wasa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ɗalibai na iya rage ɓarnar da manyan wasanni ke yi wa muhalli. Ƙwarai kuwa. A gasar Olympics ta Paris 2024, kujeru 11,000 na 'yan kallo da tsohuwar roba aka yi su. Kamfanin Le Pavé ne ya ƙera, kuma Marius Hamelot, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya fara sarrafa tsohuwar roba tun yana ɗalibin zanen gine-gine.

Shawarata, kada ku fara da ƙirƙirar manhajar waya. Ku je filin wasa bayan an tashi, ku tsaya da masu shara, ku ga inda robobin ruwa ke taruwa, ku tambayi masu talla me ke damunsu. Sannan ku gwada ƙaramin samfurin dabararku a ƙofa ɗaya, ku gyara.