Tambaya da Amsa: Koyon Nutso a Tsibirin Koh Tao da Yajin Abincin Tailan

Tambaya: Malam, ina shirin zuwa Tailan domin in koyi nutso a teku da tulun iska a baya, kuma an ba ni labarin tsibirin Koh Tao. Na iya iyo, ina kuma son yaji ƙwarai, amma ina tsoron kada abincinsu ya lalata mini ciki ko in ci abin da bai halatta ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara daga asibiti kafin ka sayi tikiti, domin nutso da tulun iska ya sha bamban da iyon da ka saba a rafi. Duk mai ciwon sikila ba a yarda ya yi irin wannan nutso ba, kuma tunda cutar ta yawaita a ƙasarmu, ya kamata ka yi gwajin jini na sikila tukuna. Mai asma, da mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da wanda kunnensa ke yawan ciwo, dukansu sai likita ya duba su. Ka tanadi katin rigakafin shawara ma, domin Tailan tana neman sa daga masu zuwa daga Najeriya.

Koh Tao ƙaramin tsibiri ne a lardin Surat Thani, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 21, sunansa kuwa na nufin tsibirin kunkuru. Ba shi da filin jirgin sama, saboda haka daga Bankok za ka hau jirgin ƙasa na dare ko bas zuwa Chumphon, daga nan jirgin ruwa mai sauri ya kai ka cikin kimanin awa biyu. Ka guji watan Nuwamba, lokacin da damina ke kankama, teku ta yi ta tumbatsa, ruwa ya gurɓace har ba ka ganin murjani sosai.

Kwas ɗin farko na PADI, wato ƙungiyar da ke tsara horon masu nutso tana ba su takardar shaida, yana ɗaukar kwana uku zuwa huɗu, kuma za a sa ka yi iyon mita 200, ka kuma tsaya a saman ruwa minti 10. Shaidar da za a ba ka ta tsaya a zurfin mita 18. Abin da nake roƙonka ka riƙe da hannu biyu shi ne kada ka taɓa riƙe numfashi yayin hawowa, domin iskar da ka shaƙa a ƙasa tana kumbura idan matsin ruwa ya ragu, har tana iya fasa huhu. Bayan nutson kwanaki a jere, ka jira aƙalla awa 18 kafin ka hau jirgin sama, don iskar naitirojin da ta taru a jikinka ta samu ta fita.

Batun yaji kuwa, wanda ya tashi da attaruhu ba baƙon zafi ba ne, sai dai kudancin Tailan shi ne yankin da ya fi zuba barkono a duk ƙasar. Suna da wani ɗan ƙaramin barkono mai kama da tsiduhu, wanda ake kirɓawa ɗanye a turmi tare da ɗanyar gwanda, lemon tsami da romon kifi mai gishiri, a yi kwaɗon da suke kira som tam. Shawarata ita ce ka bar irin wannan sai da yamma bayan ka fito daga ruwa, kuma a kwanakin farko ka ci kaɗan. Ƙwannafi yakan taso wa mutum idan ya sunkuya a ƙarƙashin ruwa, gudawa kuma tana ƙarar da ruwan jiki, wanda hakan ke ƙara haɗarin ciwon da naitirojin ke haddasawa. Ka ce “mai phet” idan ba ka son yaji, ko “phet nit noi” idan kaɗan kake so.

Naman alade ya fi yaji buƙatar lura, domin yakan ɓuya a cikin romo da niƙaƙƙen nama. Jimlar “mai sai mu” na nufin kada a sa alade, amma ba ta canza tukunyar da aka dafa romon, don haka ya fi maka kwanciyar hankali ka nemi shagunan Musulmi masu alamar halal. A can za ka samu khao mok kai, dafa-dukar shinkafa da kaza mai launin kurkum, da miyar massaman mai gyaɗa da dankali, wadda yajinta bai kai ya hana ka shiga ruwa washegari ba.