Wane ne ɗan ta'adda?

Tambaya: Malam, a labarai ina jin Bafalasɗine in ya kai hari sai a ce ɗan ta'adda, amma Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna in sun ƙona ƙauye a Gaɓar Yamma sai a ce "rikici ya ɓarke". Mece ce ma'anar ta'addanci? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Kalmar aro ce daga Larabci, "ta'adda", wato ƙetare iyaka da afka wa haƙƙin wani. 'Yar'uwarta ce ta'adi, irin wanda ake cewa awaki sun yi a gona. Sai Bahaushe ya liƙa mata "-nci" kamar yadda ya liƙa "-ci" a jahilci da zalunci. Su kuwa Larabawa "irhab" suke cewa, daga tsoratarwa. Kenan tamu kalmar ɓarnar take kallo, tasu kuma firgicin da ake son shukawa.

Har yau ƙasashen duniya ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba, amma ƙuduri na 1566 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2004, ya yi bayani: aikin kisa ko jikkatawa, har a kan farar hula, da nufin razana jama'a ko tilasta wa gwamnati. Bai ambaci addini ko ƙabilar mai aikin ba.

To ɗora wannan sikelin a Duma, ƙauyen Falasɗinawa a Gaɓar Yamma. A daren 31 ga Yuli 2015 aka jefa wuta cikin gidan iyalan Dawabsha suna barci, aka bar rubutun Ibrananci a bango mai cewa "ramuwar gayya". Jariri Ali, ɗan wata 18, ya ƙone. Uwa da uba suka bi shi daga baya a asibiti. Rubutun nan shi ne shaidar niyya, domin saƙo ne ga duk ƙauyen. Netanyahu, Firaministan Isra'ila a lokacin, da bakinsa ya kira harin ta'addanci, kuma a 2020 kotun Isra'ila ta yanke wa Amiram Ben-Uliel, ɗan kama-wuri-zaunan da ta samu da laifin harin, ɗaurin rai da rai sau uku. Haka a Yunin 2023, bayan harin da 'yan kama-wuri-zauna suka kai garin Falasɗinawa na Turmus Ayya, shugabannin soja da 'yan sandan Isra'ila da na Shin Bet, hukumar tsaron cikin gidanta, suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna kiran irin waɗannan hare-hare ta'addanci.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amma "rikici" sai da ɓangare biyu masu ja-in-ja, ni kuwa ban ga da wa jaririn da ke barci yake rikici ba. Sare itatuwan zaitun shi kaɗai ta'adi ne. In an yi shi don manomi ya tsorata ya bar gonarsa, Hausa ba ta hana ka ce masa ta'addanci ba.