Amsa ga mai neman ± na silof a Excel

Wallahi ɗan'uwa, da na ga ka ce Excel ya ba ka silof (gangaren layi) a kan giraf amma ya hana ka ± ɗinsa, wato iyakar kuskurensa, sai da raina ya sosu. Haka muka sha a aji ɗaya, a firaktikal ɗin fendulum, ƙwallon da ake ratayewa da zare yana lilo. Mun zana T² da L (T lokacin lilo ɗaya, L tsawon zare), layi ya miƙe sambal, muna ta murna. Sai malamin firaktikal ya ɗaga ripot ɗina a gaban kowa, har da 'yan mata, ya ce ina kuskuren g, wato ƙarfin jan ƙasa da muke aunawa? Ya zabga jan biro daga sama har ƙasa. Shi fa bai taɓa koya mana ba! Na bi shi ofis, ko kallona bai yi ba, ya ce shi ba malamin firamare ba ne. Allah dai ya saka mana.

Rabu da layin kan giraf ɗin nan. Ka rubuta =LINEST(B2:B7,A2:A7,TRUE,TRUE), y (T²) ne a farko, sannan x (L). In tsohon Excel gare ka, zaɓi gida biyu a kwance, biyar a tsaye, ka danna Ctrl+Shift+Enter, in ba haka ba lamba ɗaya tal za ka gani. Google Sheets kuwa da kansa yake bajewa. Layin farko na amsar silof ne da intasef (inda layin giraf ya yanke sandar y), na biyu kuskuren kowannensu, abin da kake nema kenan.

Kar R², ma'aunin yadda layi ya dace da ɗigogin awo, ya ruɗe ka don Allah, ko 0.99 ne ba shi ne kuskure ba.

Tunda g = 4π²/silof, in kuskuren silof kashi 2 cikin 100 ne, na g ma haka. Amma awo shida, kamar na B2 zuwa B7 ɗin nan, ya yi kaɗan. In malaminku ya nemi tabbacin kashi 95, sai ka ninka kuskuren da T.INV.2T(0.05,4), wajen 2.78, don awo shida a cire biyu saura huɗu. Kada kuma ka tilasta wa layi bi ta sifiri, intasef ne zai nuna maka in ka auna zaren ba daga tsakiyar ƙwallon ba.

Agogon lab ɗinku ma ka bincika, namu makalewa yake yi. Auna lokacin lilo 20 ka raba gida 20. Turo lambobinka nan mu duba kafin ka kai masa.