Tambayoyinku: Na cire yayana daga gurup, yanzu Hajiya ba ta amsa gaisuwata

Salamu alaikum Malam. Ni ɗan Aboabo ne nan Kumasi, ina sayar da kayan waya a Kejetia, kuma ni ne admin na gurup ɗin WhatsApp na bes ɗinmu, wato majalisar da muke zaman hira, mun kai mu 60, wasu na gida wasu sun yi waje. Yayana da ke Bronx a Amurka, tun da aka sake yin rigimar manoma da makiyaya ta wajen Agogo ya fara turo boyis yana cewa Fulani duk ɓarayi ne, ƙwari ne, a kwashe su kaf a fitar daga Gana, alhali akwai Fulani uku a gurup ɗin, ɗaya ma tare muka yi makarantar allo. Na bi shi ta gefe na ce yaya ka sassauta, ya ce can inda yake ko shugaban ƙasa zaginsa ake ba abin da ke faruwa, wai 'yancin magana ne mu ne kanmu bai waye ba. Wani abokinmu da ke Hambog a Jamus ya ce ƙarya ne, da a can ne da tuni 'yan sanda sun buga masa ƙofa. Ni dai raina ya ɓaci na cire shi. Sai ya kira Hajiyarmu, yanzu kwana biyar ke nan ba ta amsa gaisuwata, wai na ci mutuncin babba a gaban mutane. Don Allah wa ke da gaskiya?

Daga ƙaninka a Aboabo

Wa alaikumus salam ƙanina. Toh, abin dariyar shi ne yayanka bai yi ƙarya ba, na Hambog ma bai yi ƙarya ba, kowa dokar garin da ya ci tuwo ya karanto maka.

A Amurka tun 1791 suka rubuta a tsarin mulkinsu cewa majalisa ba ta da ikon yin dokar da za ta toshe bakin mutum, don su tsoronsu gwamnati ne, daga hannun sarkin Ingila suka ƙwato kansu. A 1969 kotun ƙolinsu ta wanke wani jagoran Ku Klux Klan na jihar Ohayo, ƙungiyar nan ta masu ƙin baƙar fata, ta ce ba a hukunta mutum kan magana sai in yana tunzura a tashi a yi ɓarna yanzu-yanzu kuma da alamar za a yi. Amma ga inda yayanka ya karanta rabi ya rufe littafi: dokar hannun gwamnati kaɗai ta ɗaure. In ya je wurin aikinsa ya ce wata ƙabila ƙwari ce, maigidansa zai iya sallamarsa kafin azahar ba kotun da za ta ce uffan, Facebook ma yana goge irin wannan fostin ɗin a cikin Amurkan. Kai kuwa ba gwamnati ba ne, admin ne mai sayar da caja a Kejetia, gurup zaurenka ne.

Jamus su kuma abin da ya ƙona su daban. Sun ga yadda aka fara da kiran Yahudawa ɓeraye a jarida aka ƙare da kashe miliyan 6, shi ya sa tunzura jama'a kan wata al'umma laifi ne da kan kai mutum kurkuku har shekara 5, kuma a 2017 suka yi doka cewa manyan kamfanonin sada zumunta su cire irin wannan rubutun cikin awa 24 ko a ci su tarar da za ta iya kai yuro miliyan 50. Wanda maciji ya taɓa sara ai ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Kalmar ƙwari ɗin nan da yayanka ya ɗauko, wallahi ita ta fi tsaya mini a rai, don a Ruwanda a 1994 gidan rediyon RTLM kyankyasai yake kiran Tutsi safe da yamma, aka kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana 100 da adduna.

To mu fa a nan? Mu ma ba baƙi ba ne wurin buɗe baki. Tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayi, a 2001 zamanin Kufuor aka soke dokar da ke ɗaure mutum kan ɓata suna, ka buɗe rediyo da safe ka ji yadda ake yi wa ministoci tas. A Techiman ma akwai bikin Apoo, 'yan kwanaki ne da talaka zai fito fili ya rera wa sarki laifinsa a waƙa ba mai taɓa shi. Ga wasan ƙabila, Frafra da Dagaaba su yi ta tsokanar juna ana dariya, kamar yadda Bafulatani da Babarbare ke yi, ko Bakano da Bazazzagi. Amma ka lura, wasa na da ƙa'ida, wanda ka tsokana yana zaune kusa da kai zai rama, a ƙarshe a sha ataya kofi ɗaya. Na Apoo kuma sama ake harbawa, wurin mai iko. Boyis ɗin yayanka ba wasa ba ne kuma ba sama ya harba ba, mutum uku ya samu a cikin 60 ya danne. Kuma kar ya ɗauka a Gana baki ba shi da linzami, a 2016 kotun ƙoli ta yanke wa mutum uku na gidan rediyon Montie FM wata 4 saboda barazanar da aka yi wa alƙalai a iska, sai daga baya Mahama ya yi musu afuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, a ce ɗan Zango, wato unguwar da asalinta baƙi ne suka kafa, shi ne ke cewa a kwashe wasu a fitar daga ƙasa. Kai! Ya tambayi tsofaffin Aboabo da Alabar me ya faru a Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda sati biyu ya bar Gana. Hausawa da Yarabawa da Zabarmawa, wasu nan aka haife su ba su taɓa ganin Kano ko Dosso ba, suka sayar da gida kuɗin akuya suka hau bayan manyan motoci. A 1983 Najeriya ta Shagari ta rama ta kori 'yan Gana, har yau jakar nan ana ce mata Ghana Must Go. Kuma wane ɗan Zango ne ba a taɓa jefa masa pepeni ko tani, sunayen raini da ake kiran ɗan arewa da su, a cikin motar haya ta trotro ba, ko a ga sunansa a ce ya kawo shaidar shi ɗan ƙasa ne? Shi kansa yayan naka can Bronx ai baƙo ne. In yana da magana kan shanun da suka ci gonar wani, ko wanda aka kashe a Agogo, ya faɗa da ƙarfi, ya kama sunan mai laifi, ya zagi hukuma da ta kasa raba rigimar shekara da shekaru, ba wanda zai cire shi don wannan.

Saura Hajiya. Nan kam kai ma ka yi gaggawa, ba a cire babban wa a gaban ƙannensa kamar an kori kaza daga kan tabarma, da ka fara sa kawunku ko limamin unguwa ya kira shi, ko ka kulle gurup ɗin na kwana biyu admin kaɗai ke magana. Kar ka tura mata saƙo, ka je da kanka bayan magariba ka durƙusa ka ba ta haƙuri kan yadda ka yi, sannan ka ce Hajiya don Allah ki saurari wannan, ka kunna mata boyis ɗin daga farko har ƙarshe, ka faɗa mata sunan abokinka na makarantar allo da ke ciki yana ji, na tabbata ta san uwarsa. Daga nan ka bar ta ita ta kira Bronx. In ya yarda zai turo boyis ɗaya na ban haƙuri ga mutum ukun nan ka mayar da shi a daren.