Naira 71,000 ɗin Kano ta hau kan mai gidan burodi?

Tambaya: Ina da gidan burodi a Kano, yarana goma sha biyu. Tun da gwamna ya sanar da ƙarin albashi suke ce mini doka ta wajabta in biya kowa naira 71,000. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, yaranka sun haɗa abu biyu ne. Naira 71,000 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya amince da ita a watan Oktoban 2024 ta ma'aikatan gwamnatin jiha ce, kamar yadda Legas ta sa wa nata 85,000. A tsarin mulkin 1999, dokar ƙwadago da mafi ƙarancin albashi hurumin Majalisar Tarayya ne. Gwamna na iya ƙara wa ma'aikatansa, amma sanarwarsa ba ta zama doka a kan ɗan kasuwa.

Wadda ta shafi 'yan kasuwa ita ce ta tarayya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024. Ta ɗaga albashin daga 30,000 ta 2019 zuwa 70,000, ta kuma mayar da sake duba shi duk bayan shekara uku maimakon biyar. Sai dai ta bar togaciyar da ke cikin ta 2019: wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, ba ta hau kansa ba. Haka masu aikin rabin lokaci da waɗanda ake biya la'ada ko jinga. Da mutum goma sha biyu, ba ta hau kanka ba.

Amma kada ka saki jiki. Tsohuwar dokar ƙwadago tana nan. Cikin wata uku da ɗaukar ma'aikaci, sai ka ba shi takarda mai bayyana aikinsa da albashinsa. Kuma abin nan da aka saba, burodi ya ƙone a tanda a ce a cire a kuɗin yaro, ba a yin sa sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. A nan mai gidan burodi zai iya faɗawa, idan magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ni dai da zan ba ka shawara, ka zauna da su, ka buɗe musu littafin kuɗin fulawa da sukari da man janareto, ku tsayar da ƙarin da za ka iya, a rubuta. Mai kwaɓin da ya ƙware, in ya koma gidan maƙwabcinka saboda dubu biyar, sai ka yi watanni kana horar da wani.